Gwiwar Kawu da Tafiyata Holan

Tun da na dawo daga Holan ban huta da tambaya ba. A asibiti, a majalisarmu ta wurin mai shayi a Doka, har a ƙofar masallaci, kowa ya gan ni sai ya ce, "Isyaku, yaya ƙasar Turawa?" In na ce lafiya lau, sai a ce ba wannan ake tambaya ba. Wasu so suke su ji ko na taka ƙanƙara, wasu ko na ci alade ban sani ba, wani kuma tsakaninsa da Allah ya tambaye ni ko gaskiya ne a famfo madara take zuwa musu. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa ya karanta.

Amma sai na fara da abin da ya kai ni, don kada a ɗauka yawon buɗe ido na je.

Aikina gashin ƙashi ne, a wani asibiti a nan Kaduna ta arewa. Masu ciwon gwiwa da ciwon baya, da waɗanda suka karye aka ɗora su ƙafa ta sandare, su ne mutanena. Bara wani dillalin kayan asibiti ya zo daga Ikko da wata na'ura mai girman rediyo, tana da sanda mai fitar da jan haske da ake ɗora wa gaɓar da ke ciwo. Ya bar mana ita mu gwada, da sharaɗin in ba a saya ba zai zo ya ɗauki abarsa. Na gwada ta a kan mutane da dama, kuma kusan duk wanda na ce wa yaya jiki sai ya ce da sauƙi. Na shiga yabonta duk inda na zauna. Asibitinmu kuwa, a wannan zamani da ko auduga sai majinyaci ya sayo da kansa, ba shi da halin sayenta.

Cikin waɗanda na ɗora wa na'urar har da Kawu Tanimu, yayan mahaifiyata. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, a gidansa na Unguwar Kanawa na girma, kuma da ribar kwanon rufin da yake sayarwa ya sa ni makaranta. Matarsa ta rasu bayan doguwar jinyar ƙafa, tun lokacin yake neman abin da zai yi mata na sadaka mai gudana. Da ya ji yadda nake kambama na'urar sai ya ce shi zai saya wa asibiti. Ba shi da wata kadara da za ta kai kuɗinta sai gonarsa ta Katabu, wadda ya daɗe yana cewa can zai koma ya ƙarasa kwanakinsa in ya bar kasuwa.

Ana cikin haka aka ba ni gurbin wani kwas na 'yan makonni a Holan, na ma'aikatan lafiya daga ƙasashe daban-daban, a kan yadda ake auna hujja kafin a yarda da sabon magani ko sabuwar na'ura. Da na je yi wa Kawu sallama sai ya ce, "To madalla. Je ka ji ta bakin masu ƙera irin waɗannan abubuwa. In ka dawo ka ce min e, sai in sa hannu a sayar da gonar." Ni kuwa a raina na riga na gama cewa e, tafiyar kawai ta samo mata hatimi ce.

A Kano zan hau jirgi, don haka na shiga motar haya a tashar Kawo, damina ta yi tsakiya. Ba mu yi nisa da Katabu ba taya ta fashe. Da aka ce wa direba ya fito da safaya sai ya sosa ƙeya, ya ce ai tana wurin mai faci tun jiya, shi dai ya fito ne da tawakkali. Wata Hajiya da ke kujerar gaba ta ce masa, "Tawakkalinka da iska a ciki? To ɗaura shi mu tafi." Ya cire tayar ya tari wata mota ya koma da ita gari, mu kuma muka nemi inuwa. Daga inda na tsaya ina hango hanyar da ke shiga gonar Kawu, dawa ta yi kore shar a ɓangaren, na ji wani abu ya ɗan taɓa min zuciya, amma na kawar da kai.

Cikin fasinjojin akwai wani mai tallan magani. Da ya ga ya samu taro a ɓagas sai ya buɗe jakarsa. Kwalba ɗaya ce, amma tana maganin basir da shawara da sanyin ƙashi da mantuwa. Na tambaye shi ta yaya ya san tana aiki. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, tambayi duk wanda ya sha. Ba wanda ya taɓa dawo min da ƙorafi." Na yi dariya har da riƙe ciki, ina tausayin mutanen da ke miƙa masa kuɗinsu. Sai bayan la'asar muka isa Kano, bayan shingayen bincike da dogon layin mai a Zariya.

Jirgi ba abin da zan ce a kansa sai dai kunnuwana sun toshe, kuma abincin da aka kawo ban gane gabansa da bayansa ba. Inda labari yake shi ne wurin shiga ƙasarsu. Na isa gaban jami'in fasfo na fara gaishe shi yadda aka saba, na tambaye shi aiki, ina shirin tambayar iyali, sai na ga ya miƙo hannu kawai yana jiran takarda. A wurin binciken kaya kuma suka ci karo da kilishin da maiɗakina ta naɗe min a cikin riga. Suka ce ba a shiga da nama. Na yi bayani cewa busasshe ne, na yi magiya, a banza. Da na ga kwandon shara za a jefa shi sai na ce wa jami'in, tunda abin ya zama haka, ya raba da abokan aikinsa su ci, ba guba ba ce. Fuskarsa ta sauya nan take, ashe ya ɗauka toshiya nake ba shi. Da ƙyar wata abokiyar aikinsa ta fahimtar da shi. Yajin da maiɗakina ta haɗo min dai ya tsira, kilishi kuwa ina ji ina gani ya tafi.

An sauke ni a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, tana ba ɗalibai hayar ɗakin sama. Sunanta ya gagari harshena, sai na koma ce mata Madam. Matakalar gidan a miƙe take kamar tsani, ga ƙunci, in kana hawa da akwati sai ka yi kalmar shahada. Ina ajiye kaya ta tambaye ni da Turanci ko ina jin yunwa. Yunwa kuwa kamar ta kashe ni, amma wane baƙo ne zai ce e a tambayar farko? Na ce a'a, na gode, a ƙoshe nake, ina jiran ta sake tayi kamar yadda kowace uwa za ta yi a Unguwar Kanawa. Sai ta ce to, ta mayar da burodi cikin kabad ta rufe. A ranar, da ruwan famfo da guntun biskit ɗin jirgi na yi buɗa-baki ba tare da na yi azumi ba.

A hankali na gane mutanen nan abin da ka faɗa shi suke ɗauka. In ka ce a'a, a'a ce. In ka tambayi mutum yaya jiki, to ka shirya tsayuwa, don zai faɗa maka. Da safe na gaishe da Madam na ce yaya ta kwana, sai ta ce ba ta kwana da kyau ba, ƙugunta ya dame ta, maganin da likita ya ba ta ba ya komai, kuma ta gaya masa haka a gaban idonsa. A wurinmu ba a shirya wa wannan tambaya irin wannan amsa ba. Ɗanta na cikinta ma sai ya bugo waya an sa rana kafin ya zo gaishe ta. In aka kawo shayi za a buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, a rufe. Da farko rowa na kira abin. Daga baya na ga tsohuwar nan ta tashi cikin sanyi ta wanke min rigar ruwa ta shanya ba tare da na roƙa ba, sai na janye maganata.

Keke kuwa shi ne motarsu. Babban malami mai furfura sai ka gan shi a kan keke da jakarsa, abin da in a Kaduna ne sai a ce an kore shi daga aiki. Madam ta ba ni aron na marigayi mijinta. Na hau ina taƙama, ni da na yi ƙuruciyata a kan keke, sai da na zo gangaren wata gada na lalubi birki a hannu na ji wayam. Ashe nasu da ƙafa ake takawa, a juya feda baya. Shingen furannin wani bawan Allah ne ya tare ni, ba don shi ba da a cikin ruwa za a tsamo ni. Mai gidan ya leƙo ya tambaya ko na ji ciwo, na ce ko kaɗan, ya koma ciki. Da ɗingishi na ƙarasa makaranta.

A ajin na haɗu da Alhassan, ma'aikacin lafiya daga Kumasi, wanda ya ji ina tsaki da Hausa ya juyo ya ce, "Kai, ɗan'uwa, daga ina?" Hausarsa ta zango ce, tawa ta Kaduna, muka yi ta yi wa juna dariya. Shi ya nuna min mahautan Larabawan Maroko inda ake samun naman yanka, da wani shago da aka mayar masallaci inda muke Juma'a.

Amma kafin in gano mahautan, Madam ta riga ta yi min gata. Ta san ba na cin alade, don haka ranar kasuwa ta sayo min abin da ta ce duk ƙasar ba abin da ya fi shi: kifi ɗanye, an cire ƙaya an jiƙa da gishiri, an barbaɗa albasa. Ta nuna min yadda ake kama wutsiyarsa a ɗaga kai a zura. Na rufe ido na haɗiye da ƙyar. Ta ce yaya na ji. Na ce da daɗi ƙwarai. Tsohuwa ta yi murna, daga ranar duk ranar kasuwa sai na tarar da shi a faranti yana jirana.

Malamarmu wata doguwar mace ce mai suna Marta, kowa da sunanta yake kiranta, ba Malama ba Dakta. Ta ce kowa ya kawo misalin wata na'ura ko magani daga ƙasarsa, ya faɗi hujjar da ta sa ya yarda da shi. Da aka zo kaina na miƙe da ƙarfin gwiwa, na ba da labarin na'urata da yadda mutane suka samu sauƙi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Da su wa ka kwatanta su?"

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Masu irin ciwon da ba a ɗora wa na'urar ba, su yaya suka ƙare? Ciwon gwiwa yana tashi yana lafawa. Mutum yakan zo asibiti ne ranar da abin ya fi tsanani, ko ruwa ka shafa masa, bayan kwana biyu zai ɗan sassauta."

Na ce ban bi ta kansu ba. Ta ce to wa ya zaɓi waɗanda aka ɗora wa? Na ce ni. Ta ce ta yaya? Nan na shiga lissafi a zuci. Alhazan kasuwa ne, da ma'aikatan ofis, da iyayen abokai, da duk wanda wani babba ya aiko da shi a yi masa alfarma. Mutane ne masu mota da abinci mai kyau, waɗanda ba sa wuni a tsaye suna dako. Ban zaɓe su don in yi maguɗi ba, na zaɓe su ne don ba zan iya ce musu a'a ba.

Ta ce, "Waɗanda suka fara zuwa suka daina fa?"

Na ce ai warkewa suka yi, shi ya sa ba su dawo ba. Ina rufe baki na ji muryar mai tallan maganin nan na hanyar Katabu a kunnena, kalma da kalma.

Tambayarta ta ƙarshe ita ce wa ya tambayi majinyatan, kuma me ya ce musu. Na ce ni ne, bayan na gama ɗora musu nakan ce yaya jiki, su ce da sauƙi. Sai Alhassan ya fashe da dariya daga bayan aji. Marta ta ce ya faɗa wa kowa abin dariyar. Ya ce, "Kakata, safiyar ranar da za ta rasu, na shiga na ce yaya jiki. Ta ce da sauƙi. Mutanenmu ba su da wata amsa sai wannan." 'Yan aji suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ji haushinsa har raina, na ce wa Marta majinyatana ba maƙaryata ba ne. Ta ce ita ba ta ce su maƙaryata ba ne, ba ta ma ce na'urar ba ta aiki ba. Abin da ta ce kawai shi ne ni ban sani ba tukuna.

Na koma masauki raina a ɓace, ranar kuwa ranar kasuwa ce. Ga kifi a faranti, ga Madam tana murmushi. Na zauna na dube shi, na ji yau kam ba zan iya ba. Na ce, "Madam, ki yafe ni, ba na son kifin nan. Tun ranar farko ban so shi ba."

Ta ajiye cokali ta ce, "To me ya sa ka ce da daɗi?"

Na ce a wurinmu in mutum ya wahala dominka, ba ka kallon idonsa ka kushe abin da ya kawo. Ladabi ne.

Ta ce, "Ni ba don ka yabe ni na tambaye ka ba. Na tambaye ka ne don in san abin da zan sayo." Ta ce da wannan ƙugun nata take takawa har bakin kasuwa saboda ni, ita kanta likita ya hana ta gishiri. Ranta ya ɓaci sosai, kuma tana da gaskiya. Na ba ta haƙuri, ta soya min ƙwai, muka ci.

A kan teburin nan abin ya shige ni. Ni da na yi karatun asibiti, tsohuwa ta yi min ɗawainiya na kasa gaya mata gaskiya a kan kifi. To ina ga dattijon da ya zo wurina yana ciwo, na durƙusa gabansa na naɗe masa wando, na yi ta zagaya masa haske a gwiwa ina gumi, sannan na ɗago ina murmushi na ce yaya jiki? Wanda kuma bai ji komai ba, kunyata za ta sa ya daina zuwa, in ya hango ni a kasuwa ya sauya layi. Ba na ganin laifin wannan ɗabi'a tamu, da ita muke zaune lafiya da juna, kuma godiya ce ga Allah kafin ta zama amsa ga likita. Amma ba da ita za a auna na'ura ba.

Mako na gaba aka kai mu wani asibiti mu ga yadda suke nasu gwajin. Majinyaci zai zo a yi masa bayani, in ya yarda sai a buɗe ambulan da aka riga aka liƙe, ita za ta faɗi rukunin da ya faɗa, kamar ƙuri'a. Na'urori biyu ne iri ɗaya sak, ɗaya ta gaske, ɗaya fitila ce kawai a ciki, kuma mai ɗorawar ma bai san wacce ce wacce ba. Wanda zai duba sakamako wani ne daban, kuma ba ya tsayawa a kan yaya jiki. Kujera yake ajiyewa ya ce tashi in gani, ya kai ka matakala ya ce hau. Wanda ya daina zuwa kuma sai an bi shi har gida.

Na ce wa Marta wannan ba zalunci ba ne, a haska wa mai ciwo fitilar banza? Ta ce kowa an gaya masa tun farko cewa hakan na iya faruwa, kuma duka rukunin biyu ana yi musu motsa gaɓɓai da aka saba. Ta ce in dai ba a san ko abu yana aiki ba, ƙuri'a ta fi son rai adalci. Na yarda da ita, amma ina ta tunanin ranar da zan tsaya gaban wani dattijon unguwa in ce masa ambulan ce za ta yanke, ba girmansa ba. Sauran kwanakin a ɗakin karatu na ƙare su, don an koya mana kada mu tsaya a kan takardun da mai sayarwa ya kawo, mu nemo duk abin da aka rubuta, na yabo da na suka, mu duba wa ya yi gwajin da yadda ya yi shi. Abin da na iya tarawa a kan irin na'urarmu bai kai in ce e ba, bai kuma kai in ce a'a ba.

Ana saura 'yan kwanaki in taso na samu layin waya zuwa ofishinmu bayan dogon fama. Sista Rifkatu ce ta ɗauka, abokiyar aikina, 'yar kudancin Kaduna, mace mai faɗar magana ba kwana-kwana. Bayan gaisuwa ta ce, "Kawunka ya zo shekaranjiya da wani mai babbar riga, ya ce in kunna masa na'urar ya gani. An ce shi ne mai sayen gonar. Kai kawai suke jira."

Na ce, "Sista, don Allah ki ce masa kada ya yi gaggawa."

Ta ce, "Ni? In je in tsaya gaban Alhaji in ce masa me? Kai ka ɗaura, Isyaku, kai za ka zo ka kwance." Layin ya yanke.

Ranar tafiya Madam ta raka ni har tashar jirgin ƙasa da ƙugunta mai ciwo. Ta ce in na isa gida in gaishe da matata, kuma in daina cewa na ƙoshi alhali ina jin yunwa. Alhassan ya rungume ni ya nemi gafarar dariyar da ya yi min. Duk tsawon hanya, daga jirgin sama har motar Kano zuwa Kaduna, magana ɗaya nake juyawa. A gidanmu ba a yi wa Kawu musu. Mutumin da ya ci da ni ya sha da ni, ya yi shelar alherin da zai yi a masallaci da kasuwa bisa maganata, yau in zo in ce masa maganar tawa ba ta da tushe. Har na fara raya wa kaina cewa in yi shiru, wataƙila ma na'urar tana aiki.

To ga abin da kuke ta tambaya, na ba ku. Saura abin da ba wanda ya tambaye ni.

Washegarin dawowata na je Unguwar Kanawa da hantsi. Na tarar da Kawu a zaure a kan tabarma, ya miƙe ƙafafu. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye tsarabar rigar sanyi da na kawo masa. Ya sa min albarka, ya tambayi hanya, sannan ya ce, "To, me masu abin suka ce?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, kada a sayar da gonar. Ban ce na'urar ba ta aiki ba, amma ban san tana yi ba. Yadda na gwada ta ba haka ake gwaji ba."

Ya ce, "Ikon Allah. Ka ƙetare teku don ka dawo ka ce min ba ka sani ba? Ni ba shaida ba ne? Ba da bakina na ce maka na samu sauƙi ba?"

Na ce, "Kawu, ka gafarce ni. Kafin in fara ɗora maka, a zaune kake salla. Yanzu fa?"

Ya ɗauki carbinsa ya ajiye, ya dubi ƙofar zaure. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "To me kake so in ce maka a lokacin? Ɗan ƙanwata ya zama likita, ya durƙusa yana wahala a kan ƙafata, in ce masa aikin banza yake yi?"

Na ce, "Amma Kawu, da ka san ba ta yi maka komai ba, me ya sa za ka rabu da gonarka dominta?"

Ya ce, "Ai kai ka ce kowa ya warke. Na ɗauka ni kaɗai ta ƙi. Na ce tawa jarrabawa ce daga Allah, kada in hana bayinsa samun lafiya saboda ni."

Hawaye suka cika min ido. Shi ya dogara da maganata, ni na dogara da tasa, kuma Allah kaɗai ya san dattijai nawa ne a garin nan kowannensu yake zaune a zaurensa yana ganin shi kaɗai ta ƙi.

Ya ce in biya ta wurin mai sayen gonar in ce masa an fasa, shi zai san yadda zai yi da bakin mutane, sadakar marigayiya kuma za mu zauna mu sake shawara. Sannan ya yunƙura zai tashi ya shiga cikin gida. Na saba in ya yunƙura in kawar da kai, don ba ya son a ga yadda yake fama. Wannan karon sai ya miƙo min hannu.

"Kama ni, Isyaku," in ji shi. "Wallahi ciwo take min. Tun bara ban yi barcin kirki ba."